Ɗana ya samu gurbin karatu a Istanbul, amma maganar girgizar ƙasa ta hana ni barci

Baban Sadiq, Kano:
Assalamu alaikum. Babban ɗana ya samu gurbin karanta injiniya a Istanbul, har na biya kuɗin zangon farko. Tun da mahaifiyarsa ta ga hotunan girgizar Fabrairun 2023 a kudancin Turkiyya, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000, ta ce da izininta ba zai je ba. Ni kaina jikina ya yi sanyi. Waɗanda suka san garin, don Allah wurin da abin ya faru kusa yake da Istanbul? In bar shi ya tafi?

Hajiya Mai Abaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Waccan ta Kahramanmarash ce, can kusa da iyakar Siriya, tafiya ce mai nisa. Amma Istanbul ma tana da tata. Ina unguwar Laleli ta Istanbul sarin kaya ranar 23 ga Afrilu 2025, da rana tsaka ƙasa ta motsa, ƙarfinta maki 6.2. Gumakan da ake rataye riguna suka riƙa zubewa, muka fito titi babu takalmi. Daren nan mutane da yawa a filayen shaƙatawa da cikin motoci suka kwana. Na koma sari bayan wata uku.

Injiniya M.:
Baba, ga yadda abin yake. Akwai wani dogon tsagi a ƙarƙashin ƙasa da ya ratsa arewacin Turkiyya, ya bi ta cikin Tekun Marmara, kamar kilomita 20 kudu da birnin. Ɓangaren Anatoliya, wato ƙasar da mafi yawan Turkiyya take a kai, yana zamewa yamma da kusan santimita 2 a shekara, inda ya maƙale sai ƙarfi ya yi ta taruwa har ya ɓalle. Daga garin Erzincan da ke gabashin Turkiyya a 1939 girgizar ta riƙa matsowa yamma, har ta kai Izmit, gabas da Istanbul, ranar 17 ga Agusta 1999, ta kashe sama da 17,000. Sashen tsagin da ke gaban Istanbul rabonsa da babbar girgiza tun 1766, shi ya sa masana suke cikin damuwa. Ranar kuwa babu mai iya faɗa.

Abin da ke hannunku shi ne gidan da zai zauna. A tambayi shekarar da aka gina shi, a guji tsohon bene na kafin 1999, musamman mai shaguna a ƙasa. Unguwannin bakin teku irin su Avcılar ƙasarsu mai laushi ce, a 1999 girgizar ta yi ɓarna sosai a can duk da nisansu da Izmit.

Ɗalibi a Uskudar, Istanbul:
Baba, a gaya masa kada ya yi tsalle ta taga. A ta 2025 yawancin waɗanda suka ji rauni firgici ne ya sa suka diro daga bene. Ya durƙusa gefen tebur mai ƙwari, ya kare kansa har ta lafa.

Baban Sadiq:
Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa, ta ce sai ta ga hoton ginin da idonta. Gobe zan kira makarantar in ji shekarar da aka gina ɗakin kwanan ɗalibai.