Ina ƙera ƙaramin Honda 175 irin na mahaifina, taya ta tsayar da ni: wa ya taɓa wuce nan?

Malamin makaranta, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da Honda 175 baƙi, wanda a kansa yake kai mu makaranta, ni a kan tanki, yayata a baya. An sayar da babur ɗin tun ina firamare, abin da ya rage mana hoto ɗaya ne, yana tsaye ya dafa sirdin a ƙofar gida. Wata huɗu ke nan ina ƙoƙarin ƙera ƙaraminsa, kashi ɗaya cikin shida na girmansa, a wani lungu na zaurenmu inda na kafa tebur da bayis. Tankin ya fito, na sassaƙa shi da katako na bi shi da samfefa har ya yi sumul. Amma taya sau uku ina yi ina warwarewa. Rim ɗin murfin gwangwani ne, sifok kuma wayar ɗaurin rodi. Da na ɗaure sai ta karkace, kuma ko ba ta karkace ba, da ka kalle ta ka ga abin wasan yara, irin motar langa-langa da muke yi a da. Ni kuwa so nake mahaifiyata ta gani ta ce wannan na Malam ne. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Tsohon bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Kafin maganar taya, ina ka samo awonka? In daga hoton ne, to nan matsalar take. Hoton da aka ɗauka ta gefe-gefe yakan gajarta babur, tayar da ke kusa da mai ɗauka ta fi ɗayar girma. Na yi wannan kuskuren da na fara ƙera nawa bayan na bar gareji, firem ya fito gajere, injin ya rasa wurin zama, na zubar da aikin sati shida.

Abin da na yi daga baya, na shiga Panteka da tef da littafi, na sami gawar wani 175 a wurin 'yan gwangwan, na roƙi mai wurin ya bar ni in zauna da ita yini guda. Na auna tsakanin gatarin gaba da na baya, tsayin sirdi daga ƙasa, faɗin tanki a wuri uku, kaurin salansa, har kaurin wayar birki. Kowace lamba na raba ta shida a gefen takarda. Kuma ka tabbatar wanne ne na mahaifinka, don Honda ta yi CD175 daga 1967 zuwa 1979, ba kuma duka ne iri ɗaya ba. Na farkon tayarsu inci 16 ce, waɗanda suka biyo baya inci 17. Mutane kuma suna haɗa shi da Roadmaster, wanda ya zo bayansa. In inci 17 ne, wato milimita 432, rim ɗinka zai zama milimita 72. Injinsa silinda biyu ne da kafireta ɗaya, salansa biyu, ɗaya kowane gefe. Sa'ar da ka yi ita ce sarƙarsa a rufe take cikin akwatinta, ba sai ka ƙera ta ƙwaya-ƙwaya ba. Da a buɗe take, kowace gaɓa ba za ta wuce milimita 2 da ɗoriya ba.

Mai gyaran agogo, Kano

Baba ya faɗi gaskiya kan awo. Ni sifok zan yi magana a kai, don a kansa na ƙare damina guda.

Malam, wayar ɗaurin rodi ce ta kashe maka taya. Sifok na gaske kaurinsa wajen milimita 3 ne, in ka raba shida ka sami rabin milimita. Wayarka ta ninka haka biyu ko uku, wato a babur na gaske kamar an saƙa taya da rodin gini ke nan. Ido ba ya riƙe tsawon abu, amma kauri nan take yake kama shi, ko mai kallon bai san abin da ya dame shi ba. Ni tsirkiyar jita na saya, siririyar wadda ba a naɗe ta ba. Miƙaƙƙiya ce, tana da ƙyalli, ba ta lanƙwashewa da kanta. In ba ka samu ba, warware kebul ɗin birkin keke ka zare sili ɗaya, ka damƙe bakinsa a bayis, ka ja ɗaya bakin da filaya har ka ji ya ɗan ba da kai. Da ka saki za ka ga ya miƙe ɗoɗar.

Sannan ba a saƙa taya a hannu. Samu allon katako mai lafiya, ka buga ƙusa a tsakiya, ka zana da'ira da kamfas. Sifok 36 ne, saboda haka kowane rami digiri 10 tsakaninsa da ɗan uwansa, ɗaya ya ɗan karkata dama, na gaba hagu. Ka kafe rim ɗin da 'yan katakai huɗu yadda ba zai motsa ba, ka zura cibiyar tayar a ƙusar, ka ɗaga ta da washa har ta zo daidai tsakiyar faɗin rim. Kowane gefen cibiya 18 yake ɗauka, tara su nufi gaba, tara su nufi baya, suna gittawa. In ka sa ɗaya, na gaba ka sa wanda ke fuskantarsa, kada ka bi su a jere, bi a jere shi ke jan rim gefe guda. Hudar kuma ba da injin ba. Bakin huda na 0.6 ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ya karye, na karya bakwai kafin na koma murza shi da yatsu a cikin ɗan maƙalin da muke aikin agogo da shi. Kan sifok ɗin, wannan ɗan goron da ke jikin rim, da sabuwar allurar sirinji na yi shi, na yayyanka gajeru na zura wayar ciki. Tayar farko ta ci mini dare tara. Ta biyu dare uku.

Maƙerin azurfa, Agadas

Sannunku da aiki. Mu nan Mobylette muka buɗi ido muka gani, shuɗiyar nan ta kamfanin Motobécane na Faransa mai feda kamar keke, wadda suka fara fitar da irinta a 1949. Ita na ƙera wa ƙanena. Da yake sana'ar gidanmu zubi ce, na ɗauka injin ba zai ba ni wuya ba: na siffanta shi da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na gasa kakin ya tsiyaye, na zuba tagulla. Gangar injin ta fito kyakkyawa. Amma haƙarƙarin silinda, waɗannan faifan da iska ke bi ta sanyaya shi, sun ƙi cika. Ƙarfen yakan daskare kafin ya shiga siririn wuri, sai su fito guntu-guntu kamar haƙoran tsohon zarto. Sau biyu ina maimaitawa.

Daga ƙarshe na bar zubi a wannan wurin. Na yanka fallen tagulla, babba da ƙarami, babba da ƙarami, na huda tsakiyarsu na jera a kan ƙusa mai zare, na ɗaure. Ƙananan su ne ratar, manyan su ne haƙarƙarin. Sai magagari ya daidaita gefen. Malam, naka silinda biyu ne a haɗe, don haka ƙusa biyu za ka sa. Ka ƙirga haƙarƙarin na gaske, ka yi adadinsu daidai, duk bakaniken da ya ɗauki abin nan zai fara kai ido.

Mai walda, Gusau

Ni dai ban yarda da ɗaya cikin shida ba, ku gafarce ni. Abin da za a ajiye a kan kabad a riƙa kaɗe masa ƙura bai ishe ni ba. Nawa rabin girma na yi, Super Cub na 1958, kakan waɗannan roba-roban da suka cika gari, wanda Honda ta ce adadin da ta ƙera ya haura miliyan 100 a 2017. Ɗana mai shekara biyar yana hawa a tsakar gida. Ba injin mai a ciki. Ɗan injin lantarkin waifar mota da batir na ɓoye cikin injin kwaikwayo, tafiyarsa ba ta wuce ta mutum ba.

Abin da ya ba ni mamaki, rabin girma ba rabin ƙarfe ba ne. Tsawo rabi, faɗi rabi, tsayi rabi, sai ya zama kashi ɗaya cikin takwas. Na sayo ƙarfe da yawa ya yi saura. Gargaɗi ɗaya kuma, kada wanda ya yi walda a kan fallen da aka shafa wa zinki a cikin ɗaki. Na yi a shagon gida ƙofa a rufe saboda sanyi, farin hayaƙin nan ya shige ni, daren ranar zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon ƙirji suka hana ni barci. Ka kankare zinkin tukun, ka fita fili.

Tsohon bakanike, Kaduna

Naka na ɗanka ne, ya hau ya ji daɗi, Allah Ya raya shi. Na Malam na mahaifiyarsa ne, ta riƙe a hannu. Ba aiki ɗaya kuke ba.

Malamar zane, Jos

Malam, na fara da irin na kwali ne, na kamfanin Tamiya na Japan, ɗaya cikin goma sha biyu, wanda komai an riga an zuba shi da roba sai haɗawa. Daga nan na yi ƙarfin halin ƙera Vespa irin ta kawuna tun daga tushe. Vespa ba ta da sifok, injin kuma a rufe, sai dai jikin duk lanƙwasa ne, don tun 1946 da Piaggio ta fito da ita a Italiya jikin fallen ƙarfe ne guda, shi ne firem ɗin. Fallen alminiyom na buga a kan katakon da na sassaƙa. Yana taurara in ana bugunsa, sai ya tsage. Ana goga masa sabulun wanki a gasa shi a kan risho, da sabulun ya yi baƙi an sauke, ya huce ya koma laushi. Kuma dalma ba ta kama alminiyom, da gam mai haɗi biyu na liƙa.

Fenti ne ya sa ni hawaye. Na gama komai a watan Janairu, na fesa a baranda, ƙurar hunturu ta zauna a kai tun bai sha iska ba, ya zama kamar samfefa. Na kankare, na sake da damina ana tsaka da ruwa, ya yi hazo fari-fari saboda laima. Yanzu babban kwali nake sawa, in yayyafa ruwa a ƙasa, in fesa shafi siriri sau huɗu, in kife kwalin a kai. Shi ma fenti yana da kauri, shafi ɗaya mai nauyi zai cike layukan tankinka. Gilashin fitila kuma kada ka kusance shi da sufa gulu, tururinsa yana sa shi fari. Sirdi kuwa fatar tsohuwar jakata na fefe da reza har ta yi kamar takarda.

Ɗan Zango, Kumasi

Robar taya ba wanda ya taɓo. Ni BSA Bantam na yi, na Ingila, mai 125 da aka fara a 1948. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, na sami guntun roba mai kauri, na yanko zobe, na kwana da shi a firiza ya yi tauri, na ɗaura a bakin injin huda ina juyawa ina cin sa da samfefa har ya zagaye. In ya yi ɗumi ya fara danƙo, a mayar firiza. Zanen ƙasan tayar da reza na tsaga. Duba hotonku da kyau, babura na wancan zamani galibi tayar gaba layi-layi ce a tsaye, ta baya ce mai ƙwaya.

Malamin makaranta, Zariya

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru sati uku ne don ina bin abin da kuka ce. Baba, na sami wani dattijo a Sabon Gari da har yanzu yake da 175 a jingine a garejinsa, ya bar ni na auna, har ya riƙe mini bakin tef. Inci 17 ne. Firem ɗina ya gaza da milimita 14, na sake shi. Tankin ma ya yi faɗi, na rage.

Maigida mai agogo, na kafa allon, na sami tsirkiyar jita, rim ɗin kuma daga bututun alminiyom na yanko shi. Bakin huda huɗu na karya. Tayar gaba ta gamu jiya bayan sallar isha'i, na zura ta a ƙusa na kaɗa, ta juya ba rawa. Na kai wa Hajiya ɗaki da tankin, na ɗora mata a tafin hannu. Ta daɗe tana juya tankin, sannan ta nuna gefen hagu ta ce a nan akwai wata 'yar lotsawa, ranar da Malam ya faɗi a hanyar Giwa. Hoton ta ɗaya gefen aka ɗauka, ban taɓa sanin da ita ba. Malama, tankin katako ne, kuma ban fesa fenti ba tukuna. In na ƙwaƙule wurin da magagari, da me zan shafe shi don kada zanen katakon ya fito ta ƙarƙashin baƙin fenti?