Ta yaya ake gane siffar tauraron da ya fashe, alhali ɗigo ne kawai a sama?

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Jiya a darasin haske na kai wa 'yan aji uku tabarau ɗina na tuƙi, irin mai kashe ƙyallin kwalta, suna jujjuya shi suna kallon sama. Sai wata yarinya ta ce ta ji wai da irin wannan dabarar masana ke gane siffar tauraro idan ya fashe. Na ce mata zan bincika, kuma abin ya tsaya min a rai. Abin da ko a babbar na'urar hangen nesa ɗigo ne, ta ina siffarsa za ta fito?

Mai Son Taurari:
Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ta yi gaskiya. Hasken fashewar yana karo da ilektoron (ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki) da ke cikin iskar da tauraron ya watsar, kuma karon yana sa hasken ya riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya, irin hasken da tabarau ɗinki ke tacewa. In abin kewayayye ne kamar ƙwallo, kaɗawar hasken da ya fito daga gefe sai ta soke ta wanda ya fito daga sama, a tashi babu fuskar da ta rinjaya. In kuwa ya yi tsawo kamar ƙwai, sokewar ba ta cika, sai ɗan saura ya iso mu, yawanci kashi 1 cikin 100 ko ƙasa. Tun fashewar tauraron da aka gani a 1987, wadda ake kira SN 1987A, aka ga hakan.

Ɗalibin Jami'a:
Malama, a ƙara da cewa ƙurar da ke tsakanin taurari ita ma tana sa haske ya riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya. Sai an cire nata kafin a yarda da awon.

Mai Son Taurari:
Haka ne. Wanda ya fi burge ni shi ne SN 2024ggi, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 22. A Afrilun 2024 babbar na'urar hangen nesa ta VLT da ke Chile ta auna shi awa 26 kacal bayan gano shi, aka ga fashewar ta fito da siffar zaitun. Siffar nan ita ce ke nuna yadda ƙarfin ya taso daga cikin tauraron bayan zuciyarsa ta rushe.

Malamar Kimiyya:
Allah ya saka da alheri. Litinin zan tafi da ƙwai da ƙwallon roba, yarinyar ce za ta riƙe tabarau ɗin.