Idan uba ya sarayar da haƙƙinsa a kan ɗansa, kuɗin ciyarwa zai sauka daga wuyansa?

Baƙon Amurka:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma shekara uku ke nan da rabuwarmu da mahaifiyar ɗana, wanda yanzu shekararsa bakwai. Kotu ta yanke mini kuɗin ciyarwa lokacin da nake da aiki mai tsoka, sai aka sallame mu wata biyar da suka wuce, bashi kuma yana ta hauhawa. Jiya ta aiko mini da saƙo cewa idan na sa hannu a takarda na sarayar da haƙƙina na uba, ita ma za ta yafe kuɗin, kowa ya kama gabansa. Shin wannan yarjejeniya za ta tsaya a gaban alƙali, kuma bashin zai faɗi?

Mai Bin Diddigi:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa hannu tukuna. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, a wurin kotu kuɗin ciyarwa haƙƙin yaron ne, mahaifiyarsa riƙewa kawai take yi a madadinsa, saboda haka takardar da kuka rubuta tsakaninku ba za ta soke hukuncin da alƙali ya yanke ba. Kowace jiha da tata dokar, amma galibi alƙali ba ya yarda uba ya janye haka kawai, sai idan akwai wanda zai maye gurbinsa a hukumance, misali mijin da uwar ta aura ya nemi a mayar da yaron ɗansa a shari'ance. Dalilin a fili yake: kotu ba ta son ta bar yaro da mai ɗaukar nauyi ɗaya alhali yana da biyu, musamman idan ta fahimci cewa gudun biyan kuɗi ne ya kawo maganar.

Ko da an amince, abin da ke tsayawa shi ne biyan gaba. Bashin baya yana nan daram, domin tun 1986 dokar tarayya da ake kira gyaran Bradley ta hana kotu rage kuɗin da lokacin biyansu ya riga ya wuce. Ana iya cire shi daga albashi ko daga rarar harajin da gwamnati ke mayarwa, kuma idan ya haura dala 2,500 ana iya hana mutum fasfo, abin da duk mai iyaye a wata ƙasa ya san nauyinsa.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne wata biyar ɗin nan da ka yi shiru. Rasa aiki dalili ne da kotu ke saurara wajen rage adadin, amma ragin ba ya komawa baya fiye da ranar da ka shigar da buƙata. Ka tattara takardar sallama da shaidar cewa kana neman aiki, ka nemi lauyan da ya san dokar jiharku.

Uwar Biyu:
Ɗan'uwa, ni ba zan yi maganar kuɗi ba. Sa hannun nan, idan kotu ta tabbatar da shi, da wuya a warware shi. Daga ranar ba ka da ikon neman ganinsa, ba ka da ta cewa a kan makarantarsa, kuma idan aka kwantar da shi a asibiti babu wanda doka ta tilasta wa ya sanar da kai. Yau kana iya zuwa ƙofar makaranta ka ce ni ne mahaifinsa a buɗe maka. Bayan hukuncin, sai abin da mahaifiyarsa ta ga dama. Rashin aiki na watanni ne, ina ganin bai kai a yi wannan musaya dominsa ba.

Almajirin Fiƙihu:
Idan Malam musulmi ne, akwai kuma wata fuskar. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, aya ta 5 a Suratul Ahzab kuma ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, don haka takardar kotu ba ta yanke nasaba, ba ta kuma sauke nafaƙa. Sai dai aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta sassauta wa wanda aka ƙuntata wa arziki, ya ciyar gwargwadon abin da Allah Ya ba shi, wanda ya yi daidai da shawarar neman ragi da aka ba ka.

Baƙon Amurka:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ban san cewa ragin daga ranar shigar da buƙata yake farawa ba, da tuni na je. Na gaya mata ba zan sa hannu ba, ranar Litinin kuma zan kai takardar sallamata kotu, in sha Allah.