Ɗaukar hoton allo a kwamfuta: na danna PrtScn, ina hoton ya shiga?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Na biya wa yarinyata kuɗin makaranta ta intanet, ga rasit nan a kan allo, ina so in ajiye shi kafin shafin ya rufe. An ce in danna PrtScn, na danna, shiru. HP ce, Windows 10.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ya ɗauka, ajiyewa ce bai yi ba. PrtScn shi kaɗai kwafe allon yake yi ya riƙe, sai an buɗe Paint ko Word an danna Ctrl da V sannan hoton ya fito a adana shi. Da kin kwafi wani abu kafin nan, shi ke nan ya tafi. Ki riƙe maɓallin Windows, mai alamar taga, sannan ki danna PrtScn. Allon zai ɗan yi duhu ya dawo. To ki shiga Pictures, akwai folda mai suna Screenshots, yana ciki.

Abba: Anti, in bai yi duhun ba ki haɗa da Fn, yana ƙasa ta hagu kusa da Ctrl. Wasu laftof ɗin maɓalli ɗaya ke yin aiki biyu.

Maman Ummi: Alhamdulillahi, da Fn ɗin ya yi. Amma har da agogo da sauran shafukan da na buɗe duk sun fito, kuma ƙasan rasit ɗin bai shiga ba.

Zainab: Anti, Windows da Shift da S za ki danna tare. Allon zai dusashe, sai ki ja linzami ki zagaye iya wurin da kike so. A Windows 10 wani ɗan saƙo zai leƙo ta ƙasan dama, ki danna shi ki adana, in ba haka ba a kwafe kawai zai zauna. A Windows 11 da aka sabunta shi yake ajiyewa da kansa. Ni da shi nake shirya wa ɗalibaina darasi.

Nura mai kafe: Ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. In dai rasit ne ko takardar rajista, ba na ba kowa shawarar hoton allo. Abin da ido ke gani kawai yake kamawa, shi ya sa ƙasan ya yanke. Kuma kullum sai an kawo min irinsa shago a ce in buga, a takarda rubutun ya fito dishi-dishi, lambar RRR, wato lambar biyan kuɗi ta Remita, mai lambobi 12 ka kasa bambance 3 da 8. Hajiya, ki danna Ctrl da P, inda ake zaɓen firinta ki zaɓi Save as PDF. Duk tsawon shafin zai shiga, ko an ƙara girmansa rubutun ba ya fashewa. Ki sa masa sunan yarinyar da zangon karatu, saboda ranar da za a nema.

Malam Bashir: Gaskiyarka Nura. Sai dai akwai shafukan da in ka mai da su PDF sai tambari ya ɓace ko layuka su hau juna. Ni duka biyun nake yi. Mai Firefox ko Edge kuma ya gwada Ctrl da Shift da S, akwai zaɓin ɗaukar shafi tun daga sama har ƙasa.

Abba: Ni manhajar ɗaukar hoton allo ta Lightshot nake so, akwai sa kibiya da rubutu nan take.

Zainab: Abba, don zane ba laifi, amma kar ka danna alamar ɗorawa a intanet in takarda ce mai sirri. Adireshin da yake bayarwa babu makulli, wanda ya canko shi zai ga hoton. Greenshot ma kyauta ce, tana da kibiyar, tana da abin rufe rubutu.

Hajiya Rabi: Mu masu MacBook fa? Ɗana ya bar min ita, babu PrtScn ɗin ma.

Malam Bashir: Hajiya, Command da Shift da 3 na dukan allo, da 4 kuma na yanki. A kan Desktop yake sauka.

Nura mai kafe: Wajen turawa ta WhatsApp a zaɓi Document, kar a tura a matsayin hoto, don matse shi yake yi ƙananan lambobi su lalace. Sannan don Allah, wanda zai saka hoto a zaure irin wannan ya sa baƙin akwati ya rufe NIN da BVN da lambar asusu. Launin rawayan nan na haskaka rubutu ba ya ɓoye komai. In kuma a kafe ko kwamfutar ofis aka yi aikin, bayan an kwashe a filas a goge da Shift da Delete, don gogewa ta yau da kullum Recycle Bin kawai take kai shi, mai zama bayanka ya buɗe ya gani. A danna Windows da V ma, in an kunna tarihin kwafe-kwafe hoton yana nan, a share shi.