Kowa ya zaɓi 5, ina mafita?

'Yan'uwa masana bincike, a taimaka. Takardar tambayoyi ce kan sujadar safiya a wata makarantar horar da fastoci kusa da Garwa a Kamaru, ma'auni daga 1 zuwa 5, da Faransanci da Fulatanci. Amsoshin sun dawo kusan duk 5, babu abin kwatantawa.

Zargina: halartar sujada dole ce, malami ne ya raba takardun, kuma ajin ƙarami ne, ana gane rubutun hannun kowa. Ga shi ɗalibai ke wa'azi bi da bi, wa zai kushe wa'azin ɗan ajinsa?

Shin akwati mai kulle da zaɓi ba rubutu zai wadatar? Ko a sauya tambayar zuwa "sau nawa za ka zo in an ɗage dokar?"