Laifi ne in mun yi dariya tare da Hajiya?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifiyata shekararta 78, muna tare a Tudun Wada, nan Kaduna. Ciwon mantuwa ya kama ta, likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ya ce sai dai lallaɓawa da magani.

Kullum da asuba sai ta ce a dama wa Malam koko kada ya makara zuwa masaƙa a Kakuri. Malam kuwa ya rasu tuntuni, masaƙar ma an rufe. Da in na faɗa mata gaskiya, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, don haka na daina. Shekaranjiya ta dube ni ta ce, "Ke amarya, wa ya koya miki tuwo haka?" Ashe kishiya ta ɗauke ni. Muka kwashe da dariya, ita ma har da riƙe ciki, ranar ta cinye abincinta tas.

Yaya da ya ji, ya ce raina uwa nake yi, kuma ƙarya nake mata. Maganar ta tsaya min a rai, barci ya gagara. Waɗanda suka yi irin wannan jinya, don Allah ya kuke yi? Malamai kuma, biye matan nan ƙarya ce a addini?