Zan sayo lu'ulu'u a Guwanzu, ta yaya zan gane na gaskiya?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Wata mai zuwa zan tafi Guwanzu sarin takalma da jakunkuna, sai yayata ta ba ni sautun sarƙar lu'ulu'u, fari irin na ruwa, za a sa a lefen ɗanta. Ni atamfa da leshi na sani, ko a duhu na taɓa zan faɗi kuɗinsu, amma wannan ban taɓa saye ba. An ce in je Liwan Plaza, kasuwar kayan ado da ke can. Tsorona kada in kawo mata roba, kuɗin kuma amana ne. Don Allah waɗanda suka sani su taimaka.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Roba ba ta da wuyar ganewa. Ki goga ƙwaya ɗaya a hankali a gefen haƙorinki na gaba: na gaskiya za ki ji ɗan ɓarzaɓarza kamar yashi, na jabu kuwa santsi ne sumul. In kina jin nauyin sa kayan mutane a baki, goga ƙwaya biyu da juna, haka za ki ji. Sannan ki haska ramin zare da fitilar waya. In kika ga bakin ramin yana ɓarewa, fenti aka shafa wa gilashi. Kuma in ƙwayoyin duk girmansu ɗaya, ba tabo ko ɗigo, ga araha, ajiye musu abinsu.

Abu Sadik:
Duk abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Sai dai ni abin da ya fi ci min rai, yaudarar da haƙori ba ya kamawa. Kusan duk lu'ulu'un da ke kasuwa yau na kiwo ne, wato daga kawar da ake kiwo a ruwa ake samunsa, kuma mafi yawan na ruwan daɗi daga Sin yake fitowa, babbar kasuwarsa tana Zhuji a lardin Zhejiang. Na gaskiya ne, yana da kyau, ba shi da tsada. Matsalar ita ce a ɗauko shi a laƙaba masa sunan na teku. A rina shi baƙi a ce na Tahiti ne. A zaɓo masu zagaye a ce Akoya ne na Japan. Manyan nan da ake kira Edison kuma a ce na tekun Ostireliya ne, a ninka kuɗi.

Akoya da wuya ya wuce milimita 10, don haka wanda ya nuna miki ƙato ya ce Akoya ne, ki ja baya. Baƙin kuma ki duba ramin, rini yakan taru a wurin ya fi sauran jikin duhu. AAA ɗin da suke rubutawa a takarda don nuna darajar kaya kada ya ruɗe ki, kowane shago da ma'auninsa.

Shawarata, ki shiga da kanki ki ce na ruwan daɗi kike so, ki biya kuɗin na ruwan daɗi. In kuwa yayarki ta nace sai na teku, to sai da takardar gwaji ta NGTC, cibiyar gwajin duwatsu masu daraja ta ƙasar Sin, kuma a rubuta nau'in a rasit.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tafintana ya ce yana da shagon da zai kai ni, in bi shi?

Hajiya Babba:
Ki bi shi ki gani, amma ki sani yawanci suna da la'ada a ciki, kuma daga aljihunki take fita. Ki zaga shaguna ki ji farashi tukuna. Ki fito da sarƙar bakin ƙofa ki gan ta a hasken rana, fitilun shago suna ƙara mata ƙyalli. Ki sa su ɗaure miki da ƙulli tsakanin kowace ƙwaya, ko zare ya tsinke ba za su watse ba. Ki kuma faɗa wa amarya kada humra ko turaren feshi ya taɓa shi, yana dushe ƙyallin. Sai ta gama shafe-shafenta ya bushe sannan ta sa.